Awa 24 a fili da rediyo uku: yadda muka gudanar da Field Day

A cikakken ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni, masu rediyon sha'awa na Amurka da Kanada kan kwashe kayansu su bar gida, su kafa tasha a fili, su kwana suna neman juna a iska ba tare da wutar gari ba. Sunan taron Field Day, kuma ƙungiyar ARRL mai hedikwata a Newington ta jihar Konetikat ce ke shirya shi tun 1933. Kulob ɗinmu na jihar Merilan ya fita da ajin 3A. Harafin A na nufin kulob ne ya kafa tashar wucin gadi, lamba 3 kuma na nufin na'urori uku ne za su iya watsa magana lokaci guda.

Wanda ya taso yana murɗa rediyo a mita 19 ko 25 ko 31 don ya kamo BBC ko Muryar Jamus ya riga ya san rabin zancen. Gajeren zangon nan dai ne. A tsakankanin zangunan manyan tashoshi an keɓe wa masu lasisi nasu gurbin, a mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10, kuma a can ba saurare kaɗai kake yi ba, kai ma kana magana ana amsa maka. A wannan taro an yarda da waɗannan zanguna shida da duk abin da ya kai megahaz 50 zuwa sama. Mita 60, 30, 17 da 12 ba sa ciki.

Ana buɗe fage ƙarfe 18:00 agogon UTC ranar Asabar, wato biyu na rana a Merilan, bakwai na yamma a Najeriya da Nijar. Idan kun fara kafa kaya kafin wannan lokaci, awa 24 a jere kawai kuke da ita ta aiki. Doka ta yarda a fara kafi tun 00:00 UTC na Juma'a, muddin jimillar lokacin kafin bai wuce awa 24 ba. Mu da yammacin Juma'a muka fara, kuma ina ba kowane kulob shawarar haka, domin abin da za a samu ko a rasa a taron nan kusan duk an gama yanke shi kafin a danna makirfo na farko.

Abu na farko da muka yi a filin shi ne ɗaga kai sama. Kafin a sauke ko da igiya ɗaya daga mota, mai kula da tsaro ya zagaye wurin yana neman wayoyin wuta. Ƙa'idarmu ita ce duk sandar da za a tsayar ta nisanci wayar wuta da ninki biyu na tsawonta, ta yadda ko ta faɗi ba za ta kusanci komai ba. Tun sati guda kafin nan an kira lambar 811, wadda a Amurka ake kira kafin a haƙa ƙasa ko a kafa ƙarfe mai zurfi, aka zo aka yi wa wuraren da bututu da wayoyi suka bi alama da fenti. Bayan haka muka auna da'irar aiki. Doka ta ce duk na'urori da eriya su zauna cikin da'irar da faɗinta bai wuce ƙafa 1000 ba, kimanin mita 300. Sabon shiga yakan so a tara komai kusa da rumfar abinci. Kuskure ne. Wannan mita 300 ɗin dukiya ce, kuma mun yi amfani da kusan dukkanta.

Dalili kuwa shi ne babbar matsalar taron nan ba tashar da ke nesa ba ce, tashar ɗan'uwanka ce da ke tantin gefe. Kunnen rediyonka na ƙoƙarin jin siginar da ba ta kai ɗaya bisa miliyan na wat ba, ga kuma wani yana zuba wat 100 a iska taku hamsin daga gare ka. Saboda haka muka jera eriyoyin a layi ɗaya daga arewa zuwa kudu, ƙarshen wannan na kallon ƙarshen waccan. Eriyar daifol tana watsawa ne ta gefunanta biyu, kaɗan ƙwarai ke fita ta bakin wayar, don haka idan aka jera su baki da baki ba sa jin juna sosai. Wannan jeri ya yi mana amfani biyu, domin wayar da ta kwanta arewa zuwa kudu tana fuskantar yamma, inda sauran faɗin Amurka yake idan kana gaɓar gabas.

Daifol ba komai ba ce illa waya biyu masu tsawo ɗaya da aka haɗa a tsakiya da wayar kowaks mai gangarowa zuwa rediyo. Lissafin tsawonta a mita shi ne 143 a raba da mitar da kake so a megahaz. Ta mita 40 a kan 7.2 ta kama mita 19.9 gaba ɗaya. Ta mita 20 a kan 14.2 ta kama mita 10 da ɗan ɗoriya. Ta mita 80 a kan 3.85 ta haura mita 37. Ba a yanke waya daidai da lissafi, ana barin rara. Tamu ta mita 40 mun yanke ta mita 20.6, muka ɗaga ta har inda za ta zauna, na'urar awo ta nuna ta fi daidaita a 6.95. A raba 6.95 da 7.2 a ninka da 20.6, za a samu 19.9, ke nan santimita 70 za a rage, 35 a kowane ɓangare. Ba mu datse da filaya ba, naɗe rarar muka yi a jikin wayar muka ɗaure, saboda fili na gaba ƙasarsa da tsayinsa na iya bambanta. Abu biyu ke yaudarar mutane a nan. Awon da aka yi eriya na kusa da ƙasa ƙarya ne, da zarar an ɗaga ta sai lambar ta matsa. Waya mai rigar roba kuma takan buƙaci gajarta da kashi biyu ko uku cikin ɗari fiye da tsirarar waya. Daifol ta mita 40 tana iya aiki a mita 15 ma, tunda 21 ninki uku ne na 7, sai dai akwatin daidaita eriya ya ɗan taimaka.

Rataya waya a bishiya ya fi cin lokaci fiye da komai a ranar Juma'a. Da danƙo ake harba 'yar dalma mai ɗaure da zaren kamun kifi ta tsallake reshe, a sauke ta ɗaya gefen, a ɗaura siririyar igiya a jawo, sannan a jawo igiyar aiki da ita. Idan dalmar ta naɗe reshe, kada a fizga. Zaren yana miƙewa kamar roba, in ya kuɓuce dalmar fuskar mai ja take nufa, shi ya sa mai harbi da mai riƙo duk suke sa gilashin kare ido. A yanke zaren a sake harbi ya fi. Igiyar ƙarshen eriya kuma ba a ɗaure ta tamau a gindin bishiya. Mun rataya mata galan ɗin ruwa mai lita huɗu, in iska ta kaɗa bishiya sai galan ya hau ya sauka, waya ba ta tsinke ba.

Inda babu bishiya mun tsayar da sanda ta guntayen bututun alminiyam irin na rarar kayan soja, kowanne mita 1.2, guda takwas. Igiyoyin riƙo a hawa biyu, tsakiya da sama, kowane hawa igiya huɗu, turakun kuma a nisan mita shida daga gindi, an kafa su a karkace suna jingina baya. Mutum biyar ke tsayar da ita, huɗu a igiya, ɗaya yana ɗaga sandar yana zura guntu daga ƙasa, kuma mutum ɗaya tak ke ba da umarni. Kowace igiya da kowane turke sun sha kyalle mai launin lemo, domin da dare igiya baƙa ba ta ganuwa, kuma wurin shaƙatawa ne na jama'a, yara na gudu.

Tsayin sandar, kusan mita 10, rabin zango ne ga eriyar mita 20, don haka siginarta na fita a kwance ta tafi nesa, har Kalifoniya. Ga eriyar mita 40 kuwa wannan tsayi kwata ne kawai, siginar sama take tashi ta faɗo kusa. A wata gasar da an kira wannan aibi. A nan alheri ne, saboda ɗimbin tashoshin da muke nema suna Fensilbeniya da Bajiniya da Niyok da Ohayo, ba a ƙetaren teku ba.

A wuyan kowace eriya, daidai inda kowaks ta haɗu da waya, mun sa zoben ferait samfurin FT240-31 da aka naɗa wa siririyar kowaks sau 12. Ba tare da shi ba bayan kowaks ɗin kan zama wani ɓangare na eriya, ya kwaso hayaniyar janareto da kwamfuta ya kai kunnen rediyo, in kana watsawa kuma ya dawo da siginar cikin tanti. Alamarsa a bayyane take: makirfo ya ɗan ƙona leɓe, ko linzamin kwamfuta ya daskare duk lokacin da aka danna magana. Don dogon ja mun yi amfani da kowaks samfurin RG-213 mai kauri, RG-8X kuma a gajerun wurare. Duk mahaɗa an naɗe ta da tef mai hana ruwa, an ɗora ta kan bulo, saboda raɓar asuba kaɗai ta isa ta shiga mahaɗar da ke kwance cikin ciyawa.

Da safiyar Asabar muka yi gwajin da na fi ɗauka da muhimmanci. Kowace tasha ta danna cikakken ƙarfi bi da bi, sauran biyun suna saurare suna faɗin abin da suka ji. Nan take matsala ta fito. Duk lokacin da tashar Mos, mai aika saƙo da bugun sauti gajere da dogo, ta buga a 7.030, sai tashar mita 20 ta ji ta ɓaro-ɓaro a 14.060. Ninki na biyu ke nan, kuma kowace na'ura tana fitar da shi kaɗan, kaɗan ɗin kuwa ya isa idan kana maƙwabtaka. Maganin farko matatar zango ce, ɗan akwati da ake sawa tsakanin rediyo da eriya, mai barin zango ɗaya ya wuce ya tare saura. Kowace tasha na da nata jeri, an rubuta zangon da manyan lambobi a jiki. Magani na biyu mun yanka shi a wurin: guntun RG-213 mai kimanin mita 7, an haɗe cibiyarsa da rigarsa a ƙarshe ɗaya, ɗaya ƙarshen an maƙala shi a layin tashar mita 40 da mahaɗa mai baki uku. Tsawon ya fito ne daga 75 a raba da 7.1 a ninka da 0.66, saurin sigina cikin irin wannan kowaks. A megahaz 7 guntun kwatan zango ne, rediyo ba ya ma sanin yana nan. A megahaz 14 ya zama rabin zango, sai ya shanye ninkin. An yanke shi da ɗan tsawo aka riƙa rage santimita biyu-biyu ana duba na'urar awo.

Matatar zango na da tarko ɗaya. Mai aiki ya gaji, ya sauya daga mita 40 zuwa 20, ya manta bai sauya matata ba, ya danna wat 100 a cikinta. In an yi sa'a rediyo ya rage ƙarfi da kansa, in ba a yi ba wani abu ya ƙone a cikin akwatin. Mun liƙa takarda a gaban kowane rediyo: zango, matata, eriya, sannan magana.

Akwai kuma inda matata ba ta da abin yi. Doka ta ɗauki murya da Mos da saƙon kwamfuta a matsayin abubuwa daban, don haka tasha biyu na iya zama a mita 20 lokaci guda, ɗaya a 14.030 ɗaya a 14.270. Matata ba ta iya raba su, duk zango ɗaya ne. Nisa kaɗai ke aiki, shi ya sa eriyoyin biyu suka zauna a bakin da'ira, wannan a arewa wancan a kudu. Sauran gyaran a gaban rediyo yake: a kashe amfilifayar kunne, a kunna mai rage sigina, a sassauta ƙarfin karɓa, a kuma kashe maɓallin share ƙarar tartsatsi, wanda idan sigina mai ƙarfi na kusa shi kansa yake haifar da ɓaraka. Mai murya kuma kada ya cika ƙarfin makirfo, domin muryar da aka matse fiye da kima tana fantsama gefe da gefe ta ɓata wa kowa.

Sai wuta. Rediyo mai wat 100 yana shan kimanin amfiya 1 idan yana saurare, ya kai 21 idan yana watsawa, a kan bolt 13.8. Uku tare da kwamfutoci da fanka da fitilu sun ɗan haura wat 1000 idan duk suka danna lokaci ɗaya. Janaretonmu Honda EU2200i ne, mai ɗaukar wat 1800 a dogon aiki, tankinsa lita 3.6, yana kai kimanin awa takwas a kwatan lodi. Mun tanadi lita 20. An ajiye shi fiye da mita 15 daga tantuna, ta inda iska ke ɗauke hayaƙin, saboda iskar da ke kisa a hayaƙin janareto ba ta da wari. Jarkar mai na can gefe guda cikin inuwa, abin kashe gobara a tsakani, kuma ba a zuba mai sai an kashe inji ya huce. Maɓallin tsimin mai a kashe muka bar shi. Idan yana kunne inji kan lafa, mai Mos ya danna, lodi ya yi tsalle, wuta ta nutse kafin inji ya farfaɗo. Abin da ya taɓa kashe mana wuta gaba ɗaya kuwa butar dafa ruwa ce mai wat 1500 da aka soka a layin tashoshi. Tun daga nan shayi da kofi a kan gas ake dafa su, kuma soket ɗin da ba na rediyo ba an rufe shi da tef.

Tasha ɗaya a kan batirin litiyam samfurin LiFePO4 mai amfiya-awa 100 ta yi aiki, da farantin sola yana ciyar da shi. Da yamma aka fara ce wa mai magana muryarsa na karyewa, rediyon ma ya mutu ya dawo sau biyu. Batir a cike yake. Laifin waya ne: an ja mita biyar da waya mai lamba 12, zuwa da dawowa mita goma, turjiyarta kimanin 0.05 na om, a amfiya 20 ta cinye bolt guda cur, ga fis da mahaɗai sun ci nasu. Yawancin waɗannan rediyoyi ba sa jure ƙasa da bolt 11.7. Muka matso da batirin ƙarƙashin tebur, muka sa waya mai lamba 10, wadda ta fi kauri, tsawon mita ɗaya, magana ta wanke. A auna wuta a bayan rediyo lokacin da ake watsawa, ba a kan batir ana saurare ba. Wanda zai zo da batirin dalma irin na mota kuma ya lissafa rabin abin da aka rubuta a jikinsa kawai. Na'urar cajin solar ma ta riƙa jefa ƙara a mita 40 duk bayan 'yan kilohaz, sai da muka naɗa wayoyinta a zoben ferait muka nisanta ta daga kowaks.

Ƙarfe biyu na cika, zangunan da suke shiru suka cika maƙil. Abin da ake musaya gajere ne: lambar kira, aji, da sashe. ARRL ta raba Amurka sashe 71, ga na Kanada daban, namu kuma MDC ne, Merilan da birnin Washinton. Don haka amsarmu kullum ita ce "Three Alpha, Mike Delta Charlie", wato 3A MDC. Tashar da ke wajen ƙasashen biyu, ko mai lambar 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar, DX ake rubuta mata a gurbin sashe. Hanyar aiki biyu ce. Ko ka kama mita ɗaya ka zauna kana kiran CQ, wato kira ga duk mai ji, ana zuwa maka, ko ka bi zango daga ƙasa zuwa sama kana amsa masu kira. Zama ya fi kawo yawa idan siginarka na da ƙarfi, yawo ya fi dacewa da sabon hannu. Tasha ɗaya sau ɗaya ake ƙirga ta a kowane zango da kowane salo, shi ya sa kwamfutocin uku ke haɗe da manhajar rajista guda, da ka rubuta lamba ta gaya maka ko an riga an yi da ita. Mutum biyu ne a kowane tebur, mai magana da mai rubutu, kowa da abin ji a kunnensa, ana canji duk awa biyu.

Iyakar lasisi na bukatar ido. Mai lasisin General, ɗaya daga matakan lasisi a Amurka, yana da murya daga 14.225 zuwa 14.350, da 7.175 zuwa 7.300. Amma lambar da ke kan allon rediyo ba ita ce dukkan siginarka ba, muryar na da faɗin kusan kilohaz 3. A mita 20 tana hawa sama da lambar, don haka kada a wuce 14.347. A mita 40 tana sauka ƙasa, don haka kada a gaza 7.178. Mun manna wannan jadawali a kowane tebur, tare da sunan mai lasisin da ke da alhakin tashar a wannan awa.

Tashar kwamfuta FT8 ta yi, salon da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. Ana watsawa ana saurare bi da bi duk daƙiƙa 15, a 7.074 da 14.074 da 21.074. Da farko allon ya cika da layukan sigina amma ko ɗaya bai fassaru ba. Agogon kwamfutar ne ya kauce da daƙiƙa uku, a fili kuma babu intanet da zai gyara shi. Ɗan ƙaramin GPS na USB ya warware matsalar. Sai a tuna a sa manhajar WSJT-X, mai gudanar da FT8, a tsarin Field Day, in ba haka ba ba za ta aika aji da sashe ba. Mun rage ƙarfi zuwa wat 40, domin wannan salo yana riƙe cikakken ƙarfi kusan daƙiƙa 13 a kowane zagaye, rediyo yana zafi, tanti kuma a rana ta Yuni ba ya taimako.

Da rana mita 20 da 15 ne ke ɗauke da kaya, mita 6 ma takan buɗe ba zato a wannan wata, don haka akwai mai leƙa 50.125 lokaci-lokaci. Rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, daga nan aiki ya koma mita 40 da 80. Mita 80 a lokacin zafi cike take da ƙarar tsawa ta nesa, lamba ɗaya sai a nemi a maimaita ta sau uku, kuma a nan Mos ke nuna fifikonsa a kan murya. Daga biyu na dare zuwa asuba masu kira na raguwa, amma ba mu bar tebur ba kowa ba, saboda tashoshin yamma awa uku suke bayanmu, darensu bai yi nisa ba. Maganin sauro da dogon wando wajibi ne, kaskar wannan yanki na ɗauke da cutar Laim.

Wajen ƙarfe biyar na yammacin Asabar hadari ya haɗo. Da jin tsawa ta farko mai kula da tsaro ya busa usur, ba a yi gardama ba. Aka kashe rediyo, aka kwance kowaks daga bayansu aka jefar da bakin can waje nesa da tanti, kowa ya shiga mota. Sandar ƙasa mai ƙafa takwas da muka kafa aka haɗa jikin na'urori da ita tana da amfaninta, amma ba ta mai da tanti mafaka daga aradu. Ana jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Da muka dawo, awon eriyar mita 20 ya nuna matsala, aka bi layi aka samu mahaɗa ɗaya da aka ƙara da safe ba a naɗe ta ba, ta sha ruwa.

Maki kuwa haka ake lissafa shi. Haɗuwa da murya maki 1, da Mos ko kwamfuta maki 2. Idan ba ku wuce wat 100 ba ana ninka jimilla sau 2, idan wat 5 ne ko ƙasa a kan batir ko sola sau 5. A ce an yi 400 da murya da 300 da Mos da kwamfuta, 400 da 600 sun zama 1000, a ninka biyu 2000. Sai makin ƙari, wanda kulob da yawa ke sakaci da shi alhali ya fi sauƙin samu. Aiki ba wutar gari maki 100 ne ga kowace na'ura, mu 300 ke nan. Kafa tasha a wurin jama'a 100, teburin bayani ga baƙi 100, mai kula da tsaro 100, ziyarar zaɓaɓɓen jami'i 100, aika saƙo ta rediyo ga shugaban sashe 100, haɗuwa biyar da wutar sola 100, kwafe sanarwar da tashar W1AW ta ARRL ke watsawa 100. Kowanne yana son hujja, hoto ko takarda ko kwafi, don haka mun ba mutum ɗaya wannan aiki shi kaɗai da fayil a hannu.

Tantin da ya fi cika shi ne na GOTA, tashar da aka ware wa sababbi da baƙi, mai lambar kira daban, wadda ba ta ƙara lambar ajinmu. Wanda bai da lasisi ma yana iya riƙe makirfo muddin mai lasisi na zaune kusa da shi. An rubuta masa abin da zai faɗa a kati da manyan baƙaƙe. Gyara biyu ake yawan yi: ya danna ya ɗan dakata kafin ya fara magana don kada harafin farko ya yanke, kuma ya saki maɓalli idan ya gama. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta kira sau huɗu ba amsa, a na biyar wata tasha daga Ontariyo ta maimaito lambarmu, ta juyo tana kallon mahaifinta da makirfo a hannu har sai da aka nuna mata katin ta karanta amsa.

Ƙarfe biyu na ranar Lahadi muka tsaya. Kafin a taɓa ko igiya ɗaya an kwafe rajistar a kan filasha biyu. Sauke kaya ya fi kafawa haɗari saboda kowa ya gaji, don haka mutum biyar ɗin nan da mai umarni ɗaya su suka sauke sanda, da irin tsarin da aka tsayar da ita. An ƙirga turaku da aka kafa da waɗanda aka tuge, lamba ta yi daidai, domin turke ɗaya da aka manta cikin ciyawa ya isa ya lalata injin yankan ciyawar masu wurin, ya kuma hana mu fili baɗi. Kowaks an naɗe ta hannu sama hannu ƙasa don kada ta murɗe, wadda ta sha ruwa an ɗaura mata jan kyalle a kai ta a yanke bakin a sake mahaɗa. Ana da kwana 30 a tura sakamako ta shafin ARRL, da takardar taƙaitawa da jerin tashoshin da aka yi da su zango-zango da hujjojin makin ƙari, turawa ta intanet ma maki 50 ce. Namu ya tafi ranar Laraba, bayan an cire lambobi shida da aka rubuta ba sashe.